Yadda na haɗa tallafi uku na yi karatun zanen gine-gine daga Sakkwato

Tun lokacin da yaran unguwarmu sunka ga ɗan modal ɗin soron kakana da na yi da kwali, ba ni da hutu, wannan ya tare ni bakin masallaci wancan ya turo ƙanensa gida, tambayar dai guda ce, wai wace sikolashif ce ke ɗauke da ni, ina ake sayen fom ɗinta kuma nawa ake ba mutum. Amsar ba ta bayuwa a tsaye, shi yasa na ce bari in zauna in rubuta ta tun daga farko yadda abin ya faru da ni. Ba tallafi ɗaya ba ne, guda uku na haɗa, kowanne ƙofarsa daban takardunsa daban, kuma da a ce tun farko wani ya zaunar da ni ya yi mani wannan bayani da na rage wahalar kusan wata biyar da kuɗin mota masu yawa.

Mu gidanmu gidan magina ne a cikin tsohon gari, ba nisa da Hubbaren Shehu. Kakana da laka da azara ya yi aiki duk rayuwarsa, babana kuma ya koma ginin bulo da siminti, ni ma tun ina firamare nake miƙa kwano a wurin gini ranakun hutu. Amma ban taɓa sanin cewa zanen da injiniya ke riƙewa a hannu yana nuna wa babana karatu ne mai zaman kansa ba sai da na shiga makarantar fasaha ta gwamnati, inda anka turo mana wani ɗan bautar ƙasa da ya karanci akitekca, wato ilimin zanen gine-gine. Wannan bawan Allah shi ya buɗe mana ajin zane ran Asabar, ba wanda ya sa shi ba wanda ya biya shi, tiskwaya, wato rular zane mai siffar T, biyu ce kawai gare mu mu sha huɗu muna karɓa-karɓa, allon zane kuwa tsohuwar ƙofar aji ce munka kankare. Shi ya fara gaya mani cewa in ina son wannan fanni to a JAMB Turanci da Lissafi da Fiziks dole ne, na huɗu in zaɓi Kimistiri ko Jogirafi, kuma shi ya ba mu labarin sashen akitekca na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya wanda ya girmi kowanne a ƙasar nan. Shekara ɗaya ya yi ya tafi, ajin kuma ya mutu da tafiyarsa. Ina faɗin wannan ne don a san cewa tun kafin ukun nan, taimakon da na fara samu ba kuɗi ba ne, mutum ne da tiskwaya.

Makin JAMB ɗina bai kai ni jami'a ba, sai na shiga poli na yi difloma kan fasahar zanen gini, na yi shekarar aikin koyon sana'a a wani ofishi a nan cikin gari. A can ne na gane wani abu da ya girgiza ni, wato diflomar nan ko da na ɗora babbar a kanta ba za ta sa a kira ni akitek ba. Akwai hukumar rijistar akitek ta ƙasa, ARCON, da anka kafa tun 1969, ita ke ba da hatimin da ake buga wa zane, kuma hanyar da aka fi bi zuwa gare ta ita ce digiri na farko shekara huɗu, digiri na biyu shekara biyu, bautar ƙasa, aiki ƙarƙashin akitek mai rijista, sannan jarrabawar ƙwarewa. Da na lissafa shekarun sai jikina ya yi sanyi. Maigidan ofishin ya ce mani, samari, shekarun nan ko ka yi karatu ko ba ka yi ba za su wuce, ka cika Dairek Entiri, wato fom ɗin shiga jami'a kai tsaye da diflomarka. Na cika a 2023, cikin lokacin ƙarancin takardun kuɗin nan da ko kuɗin kabu-kabu sai ka roƙi mai mashin ya karɓi taransifa, Allah ya taimake ni wata jami'ar tarayya a nan arewa ta ɗauke ni aji biyu.

Murnar ba ta kwana biyu ba. A shekarar ce anka cire tallafin mai, ran 29 ga Mayu, komai ya tashi, jami'o'in tarayya da yawa kuma sunka ƙara kuɗin rijista. Magajina, wato yayana, shi ke riƙe da gidan da sana'ar kabu-kabu, ya ranto kuɗi ya haɗa da na ragon da Inna ta sayar na biya rijistar farko, ya ce mani amma fa ka sani wannan karon kaɗai zan iya, ka tai ka nemi na gwamnati. To daga nan bin ofis-ofis ya fara.

Tallafi na farko cikin ukun na gwamnatin jiha ne, abu na farko da ake nema a cikinsa kuma shi ne shaidar kai ɗan jiha ne, wato indijin. Ni na ɗauka zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma kawai zan yi in karɓo, ashe daga ƙasa ake farowa. Sai da na je wurin mai unguwa da safe bayan ya fito zaure, na durƙusa na gaishe shi, ya tambaye ni ɗan wa ne, da na faɗi sunan kakana ya ce ai wanga yaro namu na, kakanai yag gina muna zauren ga, nan take ya sa anka rubuta takarda ya sa hannu. Daga nan sai fadar uban ƙasa, can na yi zuwa biyu saboda ranar farko ya tafi ta'aziyya, magatakarda ya ce in dawo jibi da hoton fasfo biyu. Da takardar uban ƙasa ce na je ƙaramar hukuma na biya kuɗin fom na cika, bayan kwana shida na karɓi satifiket. Duka-duka da kuɗin hoto da kabu-kabu da fotokwafi na kashe abin da bai kai dubu biyar ba, wahalar dai ta zirga-zirga ce. Wanda ke da tsohuwar indijin tun ta shiga sakandare ya duba ta da kyau kafin ya dogara da ita, don abin da ya kusa kayar da ni kenan a mataki na gaba.

Na je kafe na buɗe fotal, wato shafin intanet ɗin neman tallafin jihar, na fara cikawa, yaron kafen ya jera takarduna a tebur ya yi shiru, sannan ya ce yaya, mutum nawa ne nan? Na duba. A takardar firamare sunan babana Muhammadu, a sakamakon NABTEB, jarrabawar gama makarantar fasaha, Mohammed, a katin ɗan ƙasa Muhammad. Wannan ma mai sauƙi ne. Kun san al'adarmu ta nan, da yawa muna sa sunan gari ko na unguwa a ƙarshen suna, to ni a sakandare sunan unguwarmu na sa, JAMB da takardar admishan sunka bi wannan, amma ranar da na yi NIN sunan kakana na bayar, banki kuma da na buɗe akawun ba ko ɗaya daga ciki. Shekaru ina yawo da suna kala uku ban taɓa lura ba saboda ba wanda ya taɓa haɗa takardun wuri ɗaya. Kwamfuta kuwa ba ta san jikan wane ba ne kai, harafi ɗaya ya saɓa ta tsaya.

Gyaran nan shi ya ci mani mako bakwai. Na fara da kotu na yi afidabit cewa duk sunayen nan ni ne, na kai cigiyar canjin suna a jarida na jira ta fito na sayi kwafi uku na ajiye, sannan na nemi gyaran NIN ya dace da abin da ke kan JAMB, don wani malami ya ba ni shawara cewa takardun makaranta sun fi wuyar taɓawa, gara sauran su biyo su. A lokacin kuɗin ta Remita ake biya, kada ka miƙa wa kowa a hannu. Na gode Allah ranar haihuwata ɗaya ce ko'ina, don kuɗin gyaran ranar haihuwa ya ninka na suna sau da yawa, wani da munka yi layi tare shi matsalarsa kenan har hawaye ya yi. Bayan NIN ta gyaru na koma banki da afidabit da jaridar anka daidaita BVN. Tsakanin kotu da jarida da gyara da zirga-zirga na kashe wajen dubu goma sha takwas, kuɗin da na tanada don sayen kayan zane. A cikin makonnin nan kullum da dare sai in buɗe waya in duba ko an rufe fotal, barci ba ya zuwa da daɗi, Inna ta lura har ta fara tashina sallar dare tana cewa abin da Allah ya rubuta naka ne ba mai rufe shi.

Saura kwana huɗu a rufe na kammala cikawa na fitar da silif. Sai kuma takardar shaida daga makaranta cewa ni ɗalibinsu ne mai rijista, wadda ni ban san ana nema ba sai da na karanta ƙasan silif ɗin, kuma a lokacin ina gida hutu. Haka na kama hanya na koma, na rubuta takardar roƙo ga shugaban sashe, ya sa hannu, na kai ofishin kula da harkokin ɗalibai anka buga hatimi, kwana uku na yi a ɗakin wani abokina, na dawo. Da na san da ita da kafin in taho hutu na karɓa, ba ko sisin mota.

Ranar sikirinin, wato tantance takardu, cikin hunturu ne, na fito gida bayan asuba ina rawar ɗari na tarar mutum sun fi ɗari a gabana, an riga an fara rubuta suna a wata takarda da ɗalibai da kansu sunka buɗe, na zama na 137. Makaranta-makaranta anka raba mu. Wajen sha ɗaya wata Hajiya daga cikin ma'aikatan ta fito tana duba fayil ɗin mutane a layi tun kafin su shiga, ta karɓi nawa ta ce ɗana, wa ya jera maka wannan? Na ce ni ne Hajiya. Ta zare filin ta sake jerawa a gabana, silif a sama, sai admishan, sai rasit ɗin rijista, sai takardar makaranta, sai indijin, sai takardar firamare da ta sakandare, sai NIN, afidabit da jarida a ƙarshe, ta ce orijina ka riƙe a hannu daban kada ka bari ya shiga fayil. Wallahi minti biyu ta yi amma ta cece ni, don na ga waɗanda anka maido saboda rasit babu ko kwafin bai fito ba, mai fotokwafin bakin ƙofa kuma ya ninka kuɗinsa ranar. Na shiga bayan azahar, mutum biyu a tebur, ɗaya ya duba orijina ɗaya ya tambaye ni sunan uban ƙasarmu da unguwannin da ke maƙwabtaka da mu, na amsa, ya ce Allah ya ba da sa'a. Abin bai kai minti biyar ba. Daga nan sai jira, wata na farko ina duba waya duk ƙarar saƙo, na biyu na rage, na huɗu na ma cire rai, sai ga shi wata ranar Talata muna cikin situdiyo, ajin da muke aikin zane, wani ɗan Bodinga da muke aji ɗaya ya daka tsalle ya ce an biya. Abin da ya shigo ya rufe mani rijistar shekarar. Na kira magajina ya yi ta hamdala har muryarsa na rawa.

To nan ne inda nake son duk mai sha'awar wannan karatu ya buɗe kunne, don ni nan na yi kuskuren lissafi mafi girma. Na ɗauka in an biya rijista an gama. A akitekca rijista ita ce ƙaramar. Situdiyo shi ke cin kuɗi, kuma ba sau ɗaya yake ci ba, kullum ne. Allon zane, tiskwaya, setsikwaya, sikel rula, fensira kala-kala, alƙaluman tawada masu lamba, takardar A1 da A2, takardar tiresin, kwalin modal, gam, reza, abin da za ka sayo yau jibi ya ƙare. Malami zai zo ya tsaya kan zanen da ka kwana biyu kana yi ya ja jan biro a kai ya ce matakalar nan ba ta hawuwa, sake, kuma gaskiyarsa ne, amma takardar ta tafi kenan. Ga juri a ƙarshen simesta, inda za ka manna zanenka a bango ka tsaya gaban malamai ka kare shi, in an fara aiki da kwamfuta kuma firintin ɗin A1 ɗaya mai kala a lokacin dubu biyu da wani abu nake biya, kuma ba a zuwa juri da shafi ɗaya, ni takwas na kai. Akwai makon da na zaɓa tsakanin kwalin modal da abincin rana, na zaɓi kwali, gari da ƙuli na sha har ranar juri. Sai babbar, laftof. Cikin manhajojin zane, AutoCAD da SketchUp suna ɗan lallaɓawa a ƙaramar kwamfuta amma Revit ba ya yarda, ga dala ta tashi farashi ya ninka. Simesta guda cur da kwamfutar wani abokina ɗan Kwantagora na yi aiki, shi ya yi daga magariba zuwa ɗayan dare, ni in karɓa daga ɗaya zuwa asuba. Ban taɓa jin ya yi tsaki ba ko sau ɗaya, Allah ya saka masa.

Tallafi na biyu shi ne bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND. An sa hannu kan dokar a Afrilun 2024, fotal ya buɗe ran 24 ga Mayu, da makarantun tarayya anka fara. Na yi jinkiri kusan wata biyu ban cika ba saboda kalmar bashi, babana ya ce shi bai yarda da abin da ke da ruwa ba. Sai da na karanto masa sharuɗɗan na kuma je da su wurin malaminmu na zaure, babu kuɗin ruwa, abin da ka karɓa shi za ka maida, biyan kuma sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, kashi 10 cikin ɗari na albashi ake cira. Malam ya ce in haka ne rance ne, sai dai in riƙe niyyar biya. Cikawar ba ta ɗauke ni minti talatin ba a waya, lambar JAMB, NIN, BVN, lambar ɗalibi da takardar admishan, kuma a nan na ci ribar wahalar gyaran sunan nan don komai ya wuce sumul. Kashi biyu ne, na makaranta da ake tura wa makarantar kai tsaye, da na kashewa dubu 20 a wata da ke shigowa akawun ɗinka. Dubu ashirin ba ta sayen laftof, amma ita ta raba ni da zaɓi tsakanin kwali da abinci. A riƙa tunawa dai wannan ba kyauta ba ce, ni ina da littafin da nake rubuta duk abin da ya shigo.

Na ukun shi ne wanda ya fi taɓa ni. Ƙarshen aji uku shugaban sashe ya manna wata takarda a allon sanarwa, wani ofishin akitek a Kaduna na neman ɗalibai uku da zai ɗauki nauyin kayan aikinsu, ba a sa a intanet ba, ba a yi shela ba, takarda ce guda a allo da mutane ke wucewa ba su karantawa. Abin da sunka nema, sakamakon simesta-simesta, wasiƙar malami ɗaya, bayanin kai shafi ɗaya, da fotfoliyo shafi goma na A3. Na haɗa abin da nake ganin ya fi kyau, wani otal mai hawa bakwai da gilashi tun daga ƙasa har sama, na kai wa malamar da ke duba situdiyonmu. Ta juya shafukan ta ce wannan kowa zai kawo irinsa, kai ba daga Sakkwato kake ba? A watan Afrilu zafinku yana wuce digiri 40, wa zai zauna cikin wannan kwalbar in an ɗauke wuta? Ta ce ka ce mani gidanku magina ne, je ka auno mani abin da kakanka ya gina.

Na dawo gida da tef da igiya da littafi. Soron kakana yana nan tsakiyar gida, mun taso muna kwana ciki lokacin bazara saboda sanyinsa amma ban taɓa ɗaga kai na dube shi da idon karatu ba. Ya same ni ina auna kaurin bango ya ce, mi kaka yi da igiyag ga? Na ce Baba Tsoho, makaranta anka ce in zana shi. Ya yi dariya ya ce soron ga ba wanda yaz zana shi bisa takarda, da ƙahwa da kamu munka auna shi ni da ubana. Sai ya jawo tabarma ya zauna, kwana huɗu yana ba ni karatun da ban samu a aji ba. Ya nuna mani yadda ake jera tubali ana rage kaurin bango in ana hawa sama, dalilin da ya sa azarar giginya ce ake sawa don gara ba ta cinta, yadda ake ɗaure azara gaɓa-gaɓa a lanƙwasa ta a fitar da bakan gizo don a samu faɗin ɗaki ba ginshiƙi a tsakiya, inda ake sa indararo don ruwan sama ya zuba nesa da gindin bango, da makubar da ake shafe wa don kada damina ta wanke shi. Na zana fulan da sekshan, wato shimfiɗar ɗakin da yadda yake in an tsaga shi daga sama zuwa ƙasa, a sikelin 1:50, na ɗauki zafin cikin soron da na ɗakin bulo mai kwano da ke kusa da shi safe da rana da dare da wani ɗan ma'aunin zafi da na aro a kemis, na jera a tebur. Shafi shida cikin goma soron nan ya cinye. Da na nuna masa zanen ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa kan bakan gizon ya ce nan ka yi kuskure, azara huɗu ta ba uku ba. Na koma na ƙirga, huɗu ce.

Bayan mako uku anka kira ni intabiyu Kaduna, su sunka biya kuɗin mota. Mu tara ne, ni kaɗai ne ba kwat, rigar sallata na sa. Mutum uku a ciki, babban cikinsu dattijo ne mai furfura, bai ko dubi sakamakona ba ya buɗe shafin soron ya fara tambaya, da Turanci da farko, da ya ga ina laluben kalma wajen bayanin azara sai ya ce faɗe shi da Hausa. Nan bakina ya buɗe. Ya tambaye ni ko na san masallacin Yaama da ke yankin Tawa a Nijar, nan maƙwabtanmu, wanda magini Falke Barmu ya gina da laka har ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Na ce ranka ya daɗe na ji sunan a aji amma ban taɓa zuwa ba. Ya ce ai ya fi kusa da gidanku a kan Kaduna. Ya kawo maganar Francis Kéré na ƙauyen Gando a Burkina Faso, wanda tallafin koyon kafinta ya kai shi Jamus, ya karanci akitekca a Balin, tun yana ɗalibi ya dawo ya gina wa ƙauyensu firamare da bulon ƙasa, a 2022 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker. Sannan ya yi mani tambayar da ban shirya mata ba, in mun ba ka wa za ka koya wa? Na tuna ɗan bautar ƙasar nan da tiskwayarsa biyu, na ba su labarin, na ce ajin ya mutu tun da ya tafi. Ya rubuta wani abu bai ce komai ba.

Kwana goma sha biyu bayan nan saƙo ya shigo ina cikin ukun. Ba kuɗi sunka ba mu a hannu ba, laftof ce mai ɗaukar Revit, da kuɗin firintin da kayan modal duk simesta wanda sai ka tura rasit, da gurbin aiki a ofishinsu lokacin SIWES, wato zangon da ake tura ɗalibai koyon aiki. Sharuɗɗa biyu, kada makina ya sauka, kuma duk dogon hutu in buɗe ajin zane a wata sakandare a garinmu in turo rahoto da hotunan aikin yaran. Ranar da na kawo kwamfutar gida Baba Tsoho ya shafa murfinta ya ce Allah shi yi albarka, ya sa na buɗe masa soronsa yana juyawa a allo.

Abin da zan ce wa mai tahowa, tun kana aji shida na sakandare ka ɗauko duk takardunka ka shimfiɗa a tabarma ka karanta suna da ranar haihuwa harafi-harafi, in akwai saɓani ka gyara tun babu fotal ɗin da ke jiranka. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka ajiye a imel, rasit ɗin rijista musamman, kuma kafin ka taho hutu ka karɓi takardar shaidar ɗalibta ko ba a nema ba. Kada ka ba kowa kuɗi wai zai sa sunanka a lis, ni duk ukun nan ban ba wani ko naira ba ban da kuɗin da ke da rasit, kuma na san wanda ya ba wani a waya dubu talatin har yau ba sunan ba kuɗin. Makinka ka riƙe shi tun aji na farko don masu ba da tallafi na tarayya da na kamfanoni CGPA, wato matsakaicin makinka na duk simestoci, suke fara dubawa, kuma situdiyo ya fi kowane kwas nauyin maki, in ya faɗi ya ja sauran. Kada ka sayi manhajar sata, kamfanin Autodesk na ba ɗalibai AutoCAD da Revit kyauta shekara-shekara in ka tura shaidar kana makaranta. Ka riƙa karanta allon sanarwar sashenku, ka shiga ƙungiyar ɗaliban akitekca, ka kuma riƙa gaida manyan da ke cikin NIA, ƙungiyar akitek ta Nijeriya, reshen jiharku, ƙungiyar tun 1960 take kuma yawancin irin wannan taimako na kayan aiki a bakinsu ake fara jinsa. Zanenka kuma ko na fensir ne kada ka yar, ni wanda malamai sunka ja wa jan biro ma na sa biyu a fotfoliyo tare da gyaransu, kuma dattijon nan ya tsaya a kansu.

Har yanzu da sauran tafiya, digiri na biyu yana gabana kuma ban san da me zan biya shi ba tukuna, na fara tara takardu dai. Ajin Asabar kuwa mun buɗe shi hutun da ya wuce a tsohuwar makarantarmu, shugaban makarantar ya ba mu aji ɗaya da makulli, yara goma sha tara sunka rubuta suna har da mata biyar daga makarantar 'yan mata da ke kusa waɗanda iyayensu sunka yarda bayan Inna ta bi gidajen da kanta. Tiskwaya shida gare mu yanzu, huɗu ofishin Kaduna ya aiko biyu wani kafinta a Mabera ya yi mana da katako. Aikin da na ba su kafin in koma makaranta shi ne kowa ya auno zauren gidansu ko na maƙwabta ya zana shi a 1:50, in na dawo hutun sallah mu manna a bango, Baba Tsoho ya ce in ƙafarsa ta bari zai zo ya duba masu azara.